Idon Inna a Ƙarƙashin Kwanon Rufi

Maigidana malamin gona ne, kuma tun da na san shi yake fama da mantuwa. Mutum ne da zai fita sayen gishiri ya dawo da labarin wata gonar albasa da ya gani a hanya, ya zauna yana ba ki har ke ma ki manta da gishirin. Aikinsa yawo ne a kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan, yana duba shuka yana hira da manoma, shi ya sa kullum kansa cike yake da alƙawuran jama'a. Ni kuma ina koyarwa a firamaren garinmu, wani ƙauye a gefen hanyar Bici, inda gona take farawa daga bakin katangar gida. Muna zaune da yaranmu da mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Inna.

Wata shekara aka tura shi bita cikin Kano, ya dawo da wata manhaja a wayarsa. Ko ruwa bai sha ba ya ce in miƙo tawa wayar. Ya saka min, ya haɗa su, yadda duk abin da ɗayanmu ya rubuta zai fito wa ɗayan.

"Daga yau mantuwa ta ƙare a gidan nan," ya ce.

"Allah ya sa, Malam," na ce.

Abin ba shi da wuya. Mutum zai rubuta aikin da yake son yi, ya sa masa rana, idan ranar ta zo waya ta yi ƙara. In ya gama sai ya taɓa wata 'yar da'ira a gefen aikin, ya shige cikin waɗanda aka kammala. Abin da ya fi burge Malam shi ne ana iya jera ƙananan ayyuka a ƙarƙashin babba. Shi ya raɗa musu suna: babban aiki uwa, ƙananan kuma 'ya'ya. Da ya gano cewa 'ya'yan ma ana iya yi musu nasu 'ya'yan, sai ga jikoki sun cika waya. Kowane ɗa yana ɗan matsawa ciki daga uwarsa a kan allon, kuma akwai wata 'yar kibiya da in aka taɓa sai uwar ta naɗe 'ya'yanta, a daina ganinsu.

Makonnin farko babu abin da ya tsira. Gishiri ya shiga ƙarƙashin cefane, cefane ya shiga ƙarƙashin ranar kasuwa. Har wankin babur sai da ya samu 'ya'ya: ɗebo ruwa, nemo omo, goge fitila.

Saɓaninmu na farko a kan komawar yara makaranta ne. Ya rubuta ta a matsayin uwa, ya sa mata ɗinkin yunifom, da takalma, da littattafai, da aski. Ranar komawa yara suka yi wanka suka fice, ni kuma na ga ai an koma, na taɓa da'irar uwar. Nan take duk 'ya'yan suka bi ta suka shige, har da askin da ba a yi ba. Da rana yaran suka dawo da saƙon malaminsu cewa sumarsu ta yi yawa.

"Kin rufe uwa alhali akwai ɗa a waje," Malam ya ce, yana nuna min allon kamar wanda ya kama ɓarawon kaza.

Ya shiga cikin saitin manhajar ya gyara, yadda uwa ba za ta rufu ba sai 'ya'yanta sun ƙare, in kuwa sun ƙare ta rufe kanta. Ba a daɗe ba wannan ma ya nuna nasa halin. Lokacin kai taki gona ya rubuta aron amalanke, da lodi, da kaiwa. Aka yi duka, uwar ta yi wani ɗan sauti mai daɗi ta rufe kanta. Takin kuwa ya zauna tsibi-tsibi a gona, domin ba a rubuta watsawa ba, har sai da maƙwabcin gonarmu ya tambaye shi ko sabon salon noma ne suka koyo a bita. Ni dai na daɗe ina kallonsa yana cin tuwo.

Amma in za a faɗi gaskiya, abin ya yi amfani. Ya daina mance alƙawarin manoma, allurar rigakafin awaki ta daina wuce lokacinta, ni ma na huta da yawan tuni. Sannu a hankali muka saki jiki. Abin da waya ta yi ƙara a kansa shi ne aiki. Abin da ta yi shiru a kansa, to babu shi.

A wannan tsakanin ne idon Inna ya yi nauyi. Ya daɗe yana dusashewa, tana ɓoyewa. Sai mu ga ta miƙa hannu gefen kofi maimakon kan kofin, ko ta amsa sallamar mutum ta jira ya ƙara magana kafin ta gane shi. In aka tambaye ta sai ta ce hayaƙin murhu ne. Da wasu ma'aikatan lafiya suka zo duba idanu a ɗakin shan magani na garinmu, da ƙyar muka lallaɓa ta ta je. Suka haska ta, suka ba ta kati da ranar da za ta je wani asibitin ido a cikin birni, bayan wasu makonni. Malam ya rubuta a waya, "Kai Inna asibitin ido," ya sa rana da ƙararrawa, aikin yana tsaye shi kaɗai. Katin kuma Inna ta karɓe abinta ta adana a ɗakinta.

Sai kuma maganar kicin ta taso. Rufinsa na ciyawa ne, daminar da ta wuce na sha girki ruwa na ɗiga cikin miya, saboda haka muka yanke a yi masa kwano kafin ruwan fari ya sauka. Wannan aiki ya yi wa Malam daɗi, domin ya samu uwa mai zuriya. "Rufin kicin" a sama, a ƙarƙashinta kafinta, da katako, da "Zuwa Kano sayen kwano." Wannan ta ƙarshen ita ma da nata 'ya'yan: aron a-kori-kurar abokinsa, auna faɗi, ƙusa.

Wata yamma yana zaune a tsakar gida yana latse-latse, sai ya ɗago da fara'a.

"Kin ga wata dabara. Ranar asibitin Inna ita za mu sa ta zama ranar sayen kwano. Tafiya ɗaya. Ta zauna a gaban mota a sake, ba turereniyar bas."

Ya ɗora yatsa a kan aikin asibitin, ya jawo shi, ya sake shi a ƙarƙashin "Zuwa Kano," kusa da ƙusa.

"Inna ta koma ƙarƙashin kwano ke nan?" na ce.

"Tsari ne kawai," ya ce, yana dariya.

Kuma dabarar mai kyau ce, ban ga aibinta ba. Sai dai bayan 'yan kwanaki wani abokin aikinsa ya gaya masa ai irin kwanon da yake nema akwai shi a Bici, wurin wani mai shago a bakin kasuwa. Ya je ya gani, ya saya, aka kawo mana har gida. Tafiyar Kano ta faɗi. Malam kuwa yana da tsantseni a irin wannan: tunda bai je ba, ba zai taɓa alamar an gama ba, ƙarya ce a wurinsa. Sai ya zaɓi ya goge. Daga baya ya ba ni labarin yadda aka yi. Uwar tana naɗe da 'ya'yanta, bai buɗe ba. Wani ɗan akwati ya fito da tambaya da Turanci, shi kuma ƙafarsa ɗaya na kan babur, kafinta na jiransa, ya danna e ya wuce.

Aka yi rufi, ya yi kyau. Jarabawar ƙarshen zango ta matso, na dulmiya cikin shirya tambayoyi. Na san asibitin Inna yana tafe, amma na bar ranar a hannun waya, waya kuma ba ta ce komai ba.

Ran nan da sassafe Malam ya fita tun bayan sallar asuba, za su raba iri a wasu ƙauyuka can ciki inda waya ba ta shiga. Na yi wa yara shiri, na sa hijabina, na fito da jaka zan tafi makaranta. Sai na tarar da Inna zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta ɗaura atamfarta ta zuwa biki, ta yafa babban mayafi, takalmanta na gefe a jere, 'yar jakarta na kan cinya, ta riƙe katin da hannu biyu. Kokon da na aika mata yana nan a rufe.

Na durƙusa na gaishe ta.

"Lafiya lau, Malama," ta ce. Haka take kirana. Shi kuwa da yake ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. "Mutumin nan ya tafi ɗauko motar ne?"

Sai na gane yau ce ranar asibitin. Ashe tun da aka ba ta katin take sa babbar 'yata ta karanta mata ranar lokaci-lokaci, tana lissafe da abinta.

"Bari in duba, Inna. Ba ku sha kokon ba?"

"An ce likita ba ya son a je masa da ciki cike."

Na shiga ɗaki na buɗe waya. Ayyukan ranar suna nan: rabon iri, ba wa kaji magani. Babu asibiti. Na rubuta "Inna" a wurin nema, babu komai. Na kira Malam, aka ce ba a samunsa. Na sake kira, haka.  Daga nan na kira hedimasta na roƙi izini, na tura yara makaranta, na miƙa autarmu wurin maƙwabciya, na dawo.

"Inna, aiki ya riƙe shi. Ni zan kai ku."

Ta juyo da fuskarta wajena. Shekaru muna gida ɗaya, muna zaman lafiya, amma irin zaman nan na suruka da matar ɗa. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ita ma haka. Ba mu taɓa tafiya mu biyu ba ko zuwa bakin rijiya.

"Makarantar fa?"

"Na nemi izini."

"To." Ta laluba ta sa takalmanta.

Muka bi hanyar cikin gonaki zuwa titi. An gama shara, ƙasa ta yi fes tana jiran ruwa, jakuna na wucewa da mangalar taki. A cikin gida Inna ta san kowane dutse, amma da muka fita sai tafiyarta ta zama ta ɗari-ɗari. Na rage sauri. Da muka zo wani kwari na miƙa mata hannu, ta yi kamar ba ta lura ba, sai ta kama gefen hijabina. A haka muka isa titi.

Bas ɗin da muka samu a cike take, wani bawan Allah ya tashi ya bar wa Inna bakin taga. Ta zauna a miƙe, jaka a ƙirji, har muka yi nisa. Sai da kwandasta ya fara kiran masu sauka a Bacirawa ta ɗago kai.

"Nan ne Bacirawa?"

"Nan ne, Inna."

"Ƙanwar mahaifiyata a nan ta yi aure. Muna 'yan mata mukan zo mata roron gyaɗa. Akwai wata kuka babba a bakin hanya, a gindinta muke hutawa. Kina ganinta?"

Na leƙa. Shaguna ne a jere, da gidan mai, da masu faci, da adaidaita sahu kamar an zubo su daga buhu.

"Gidaje ne da shaguna yanzu. Ban ga kuka ba."

"Gonakin fa?"

"Daga nan dai ba na hango ko ɗaya."

Ta jinjina kai. "Gara da na ji kafin in gani."

Daga tasha muka hau adaidaita. Duk lokacin da mai tuƙin ya kauce wa rami sai in ji ta ƙara damƙe hijabina, har na fara tsoron za ta cire min shi a tsakiyar titi.

Asibitin cike yake da tsofaffi a kan benci, kowa da ɗan rakiyarsa. Muka miƙa kati, muka zauna, muka yi ta matsawa. Da aka zo kanmu wata nas ta zaunar da Inna a gaban wani allo. Da ta ji ba ta yi boko ba, sai ta juya allon zuwa wani zane mai haƙora, ta ce ta nuna da hannu inda haƙoran suka kalla.

Inna ta ƙura ido ta daɗe. "Wannan ai manjagara ce."

"To, Inna, ina manjagarar ta kalla?"

"Sama. Wanda ya ajiye ta haka zai taka ta."

Nas ɗin ta yi dariya har ta dafa tebur. Babbar manjagara kaɗai Inna ta iya gani da idon hagu. Da na dama kuwa ko allon ba ta gani, sai hasken fitila.

Likitar mace ce, ba za ta girme ni ba. Ta ɗiga mata magani, ta sa muka jira, sannan ta leƙa idon da wata na'ura.

"Yanar ido ce, Inna, a duka biyun. Ta dama ta nuna, ita za mu fara cirewa."

"Ta nuna? Kamar mangwaro?"

"Kusan haka. In an cire za ku gani, da yardar Allah."

"Da wuƙa ake yi?"

Likitar ta ajiye biro ta yi mata bayani a tsanake, cewa za a kashe wurin ba za ta ji zafi ba, kuma ba a daɗewa. Ta rubuta ranar aiki, ta ba mu maganin ɗigawa. Da muka fito Inna ta raɗa min, "Kin yarda da yarinyar nan?" Na ce na yarda. Ta ce to, muryarta dai ta masu hankali ce.

Maganin da aka ɗiga ya ƙara dagula mata gani, hasken rana yana damunta. Wannan karon ba hijabi ta kama ba, hannuna ta riƙe. Azahar ta yi, muka yi salla, kuma na san tun safe babu komai a cikinta. Na zaunar da ita a inuwar wata darbejiya a harabar asibitin, na sayo gurasa da ruwa. Na ajiye mata nata, na matsa can gefe na juya baya. Ita ma ta juya nata bayan. Muna ci kowa na kallon gabansa, sai na ji ta yi 'yar dariya.

"Malama, wa muke ɓoye wa? Ni ko kin kalle ni ba ganinki nake ba. Matso."

Na matso. Muka ci. Can sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Mantawa ya yi ko?"

Ban ɓoye mata ba. Sai na yi mata bayanin wayar, yadda ake rubuta babban aiki a sa ƙanana a ƙarƙashinsa, da yadda ya sa asibitinta a cikin tafiyar Kano don ta samu gaban mota, da yadda nake zaton tafiyar ce ya goge ta tafi da komai. Ta saurara har na gama.

"To ni a ƙarƙashin me ya sa ni?"

"Sayen kwanon rufi."

Ta tauna gurasa ta haɗiye.

"Kwanon dai mai kyau ne?"

"Mai kyau ne, Inna. Mai kauri."

"To, da sauƙi."

Dariya ta ƙwace min har na ƙware da ruwa, ita ce ma ta dinga bubbuga min baya. Daga nan hira ta ɓalle. Ta ba ni labarin yadda tun Malam yana yaro in ta aike shi niƙa sai ya tsaya kallon tururuwa, mahaifinsa ma haka yake, ya taɓa zuwa kasuwa a kan jaki ya dawo da ƙafa. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba.

Muna cikin bas ta dawowa wayata ta yi ƙara. Malam ne, ya fito inda waya ke shiga, ya ga kirana jere.

"Lafiya? Wani abu ya samu yara?"

"Lafiya lau. Muna hanyar dawowa daga asibitin ido ni da Inna."

 Sai na ji ya yi salati a hankali.

Da muka sauka yana tsaye a bakin titi da babur, ƙura har gira. Ya durƙusa a gaban Inna, kansa a ƙasa, ya fara ba da haƙuri. Ita kuwa ni ta fuskanta.

"Malama, ki gaya wa mutumin nan likita ta ce ta nuna. Kuma ya tashi, mutane na kallo."

Ya ɗauke ta a babur a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ni na biyo su a ƙafa.

Bayan la'asar ya zauna a bakin sabon kicin da waya, fuskarsa ba walwala. Ya tono kwandon shara na manhajar, sai ga "Zuwa Kano sayen kwano" kwance a ciki. Ya taɓa kibiyar, 'ya'yan suka zubo: a-kori-kura, auna faɗi, ƙusa, asibitin Inna. Ya daɗe yana kallonsu.

"Manhajar ta tambaye ni fa," ya ce. "Ta ce za a goge da abin da ke ƙarƙashinsa. Da ta lissafo min sunayensu da na gani."

Muka shiga saiti tare. Ashe akwai zaɓi: in an goge uwa, ko 'ya'yan su bi ta, ko a sake su su tsaya da ƙafarsu. Na ce a sake su. Ya ce in aka yi haka waya za ta cika da marayu marasa ma'ana.

"Ki duba. In kin wayi gari kin ga 'auna faɗi' shi kaɗai, faɗin me? 'Ƙusa,' a yi me da ita?"

"Sai ka daina rowar rubutu. Ka ce auna faɗin rufin kicin."

"To mene ne amfanin uwar in kowane ɗa sai ya faɗi asalinsa?"

"Gara in ga maraya in yi tambaya, da in ga Inna a zaune da takalma."

 Ya koma ƙorafin cewa ainihin matsalar ita ce manhajar ba ta yarda ɗa ya zama da uwa biyu. Asibitin Inna na cikin tafiyar Kano, gaskiya ne, amma kuma na lafiyar Inna ne, da ana iya rataya shi a wuri biyu da gogewa ɗaya ba ta kai shi ƙasa ba. Na ce wannan sai ya kai ƙara wurin waɗanda suka ƙera ta. Ashe da gaske ya ɗauka. Ya zauna ya rubuta musu dogon saƙo da Turancinsa na ofis, ya karanta min, ya aika. Bayan kwanaki suka amsa da godiya, suka ce za su duba. Ya yi ta nuna wa abokan aikinsa amsar.

A ƙarshe dai muka tsaya a kan sakin 'ya'ya. Muka kuma yi yarjejeniya cewa duk abin da ya shafi mutum, asibiti ne, ko gaisuwar rasuwa, ko dubiya, zai tsaya shi kaɗai a sama, ba za a cusa shi a ƙarƙashin siminti ko taki ba komai dacewar hanya. Marayun kuwa sun zo kamar yadda ya faɗa. Akwai wani "tambayi mai shago" da ya daɗe yana yawo a wayoyinmu, har yau ba mu san wane mai shago ba ne, ba mu kuma san me za a tambaye shi ba.

Ranar aikin idon mu uku muka tafi, a a-kori-kurar abokinsa, Inna a gaba. Tun ana saura kwanaki wayoyinmu suke ƙara, domin Malam ya sa tuni iri-iri, har yara suka haddace. Aka shiga da ita, muka zauna a benci, shi yana ta jan carbi yana tashi yana zama. Ba a jima sosai ba aka fito da ita da bandeji a ido, tana cewa ita har yanzu jira take a fara.

Washegari aka cire bandejin. Ta buɗe idon a hankali, ta rufe, ta sake buɗewa. Ta kalli likitar.

"Ashe yarinya ce ƙarama haka," ta ce. Sannan ta yi mata addu'a mai tsawo.

Makonnin da suka biyo baya ni nake ɗiga mata magani, aka hana ta sunkuyo da shiga hayaƙi. Zaman ya ishe ta, sai ta mai da hankali kan kallo. Ta ga yanar gizo-gizo a kusurwar rumfa. Ta ga gindin tukwanena. Ta ga ɗaya daga cikin awakin da muke kiwo ba tamu ba ce, ta maƙwabta ce da ta saba shigowa cin dusa. Na yi shara a watan nan irin wadda ban taɓa yi ba. Idon hagu kuma aka ce sai bayan kaka.

Da likita ta sallame ta, damina ta kankama, gero ya kai gwiwa. Aka yi haihuwa a gidan wata 'yar'uwarta a ƙauyen da ke bayan namu, ta ce za ta je suna, kuma ita kaɗai. Malam ya ce ya kai ta a babur, ta ce in gaya masa ƙafarta lafiya lau. Muka tsaya a ƙofar gida muna kallonta ta bi siririyar hanya tsakanin kunyoyi, tana tsayawa nan da can tana duba shukar mutane.

Sai gab da magariba ta dawo, da ƙullin goro da alewar yara. Na kai mata ruwa, na tambaye ta mutanen can.

"Suna nan lafiya," ta ce. Ta sha ruwan, ta ajiye kofin daidai inda take so. "Amma Malama, kowa ya tsufa. Ƙawata da muka yi tallan fura tare, ba don muryarta ba da na ɗauka yayarta ce. Ba wanda ya gaya min."

Sannan ta ce in ara mata madubina. Na ɗauko na ba ta. Ta matsa bakin ƙofa inda sauran haske yake, ta daɗe tana dubawa, ta juya wannan kunci ta juya wancan, ta gyara ɗankwali. Sai ta miƙo min.

"Har ni," ta ce. "Me kika dafa?"